Yadda ake gane danshi da nauyin katakon rufi ba tare da an yanka shi ba

Yaran da ke koyon kafinta a wajena a Agege duk kuskurensu ɗaya ne, mutum ya ɗaga tubaifo, wato katako mai inci 2 da 4, ya ji nauyi sai ya ce oga wannan mai kyau ne. To ba haka bane. Katakon obeche ɗanye da bai daɗe da fitowa daga injin yankan katako ba zai yi maka nauyi a hannu kamar katakon kirki, amma rabin abin da kake ji ruwa ne, in ya bushe ya zama holoƙo. Shi yasa ni a ƙa'idata danshi ake fara aunawa, nauyi ya biyo baya.

Farko ka nemi mitar danshi. Iri biyu ce, akwai mai allura biyu da ake cakawa a jikin katako, ita wutar lantarki take turawa tsakanin allurorin, in ruwa ya yi yawa wutar ta wuce da sauƙi lamba ta hau. Akwai kuma marar allura da ake ɗorawa kawai. Ni mai allura nake so, ta fi araha, kuma marar allurar sai ka saita mata nauyin irin katakon tukunna, in ka bar ta a saitin obeche ka ɗora a kan iroko za ta ce maka jiƙaƙƙe ne alhali lafiyarsa lau. Ga kuma ƙusa da ke ruɗa ta.

Sai ka san lambar da kake nema. Legas ba Kano bace. Iskar nan cike take da laima, katakon da ya bushe iya bushewarsa a ƙarƙashin rumfa yakan tsaya wajen kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari, kada ka zauna jiran ya sauko 8 irin na hunturun arewa, ba zai zo ba. Daga 20 zuwa sama nan ne ruɓa take samun wurin zama. In ya kai wajen 28 ko 30 to mitar ma ta daina faɗin takamaimai, abin da kawai take nufi shi ne ɗanye ne sharaf. Kuma daga wajen 30 ɗin nan zuwa ƙasa ne katako yake fara tsukewa yana lanƙwasa.

Yanzu wurin cakawa, kuma nan ne ni na taɓa cin kwakwa. Wani aiki muka yi a Idi-Araba, rufin gida mai ɗaki huɗu, aka kawo katako ya kwana uku a rana a tsakar gida, na caka allura sama-sama ta nuna 17 na ce a hau da shi. Bayan wata biyar maigidan ya kira ni ya ce malam zo ka ga silin ɗina, na je na tarar da tsaga tun daga kusurwa har gindin fanka, na leƙa ciki raftoci uku, wato katakan da ke ɗauke da rufin, sun murɗe kamar an matse wanki, ƙusoshi sun ɗago kai. Fatar katakon ce kawai ta bushe, cikinsa ruwa ne. Tun daga ranar ba na yarda da awon sama. Allurar ta shiga kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin katakon, wato a tubaifo mai kaurin inci 2 ka shiga wajen rabin inci, in kuma kana zargi ka je har tsakiya. Gajerun allurorin da ke zuwa da mita ba sa kaiwa, akwai dogaye masu rufi a jiki da ake bugawa da guduma, bakinsu kaɗai ke karantawa. In babu kuɗinsu ka buga siraran ƙusoshi biyu da tazara daidai da ta allurorin mitar, ka taɓa kawunansu da ita, dabarar talaka ce amma tana aiki matuƙar saman katakon a bushe yake. Ramin ƙusa ba ya rage wa rafta komai.

Kada ka auna a bakin katako, ka matso ciki aƙalla ƙafa ɗaya don baki ya fi saurin bushewa. Kuma ka auna kafin a shafa magani ko baƙin mai, wasu magungunan gara gishiri ne a cikinsu, suna sa lamba ta hau. Katakon da aka janyo ta ruwan lagun, wato tafkin nan mai gishiri na Legas, shi ma haka, gishirin na iya ƙara masa. In an riga an ɗora rufin ka hau da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, zafi na ƙara wa mita wajen maki ɗaya a duk digiri 10. Ka fi mai da hankali inda katako ya zauna a kan bulo, da ƙarƙashin kwarin ruwa, da kusa da tankin sama. Wuri uku a kowane katako, ka rubuta da alli a jikinsa.

Sai nauyi. In katakon a ƙasa yake sikeli da tef sun isa, ka raba kilo da girmansa. Cikakken tubaifo mai ƙafa 12 busasshe, obeche zai ba ka wajen kilo 7, afara kusan 10, iroko wajen 12, ekki kuwa ya haura 18, shi nutsewa ma yake a ruwa. Amma ka auna da tef ɗinka don tubaifon kasuwa yanzu ba ya cika inci 2 da 4.

Wanda ke sama ba a iya ɗora shi a sikeli. Injiniyoyi suna da wata na'ura Pilodyn mai harba siririn tsinken ƙarfe da ƙarfi iri ɗaya kullum, in ya shiga da zurfi katakon sakayau ne, akwai kuma mai siririn diril da ke zana inda ya tarar da rami a ciki, duk suna da tsada. Mu abin da muke yi, ka riƙe guntun iroko da na obeche da ka tabbatar da su a aljihu, ka ɗaura sukuru iri ɗaya a jikinsu da hannu sannan ka ɗaura a raftar ka ji wanne ta yi kama da shi. Ka ƙwanƙwasa da guduma, lafiyayye ƙararsa tas take fita, wanda gara ta cinye cikinsa sai ka ji bus kamar ganga. Inda ka ji haka ka danna sukudireba, in ta shige ba gardama ka sa alamar ja a canja shi kafin a buga silin.