Yadda za ka tattaro waƙoƙin Talulah Gosh ba tare da ka ɓata lokaci ba

To jama'a, duk wanda ya ji wata waƙar Talulah Gosh ta kama shi ya tafi neman albam ɗinsu, gara in faɗa masa tun yanzu, babu albam ɗin sitidiyo, ba su taɓa zama sun yi shi ba. Ƙungiyar mawaƙa ce ta yaran Oxford a Ingila, sun haɗu a 1986, kafin 1988 ta ƙare sun watse, abin da suka bari ƴan ƙananan faya-fayai ne masu inci bakwai, da waƙoƙin da suka ɗauka a gidan rediyon BBC. Ni dai abin da ya sa nake ganin ya kamata a bi sawunsu, ko mintin waƙoƙin nan ka haɗa duka ba wani yawa gare su ba, amma akwai rai a ciki, jita tana gudu kamar ana korarta, muryoyin mata biyu na hawa kan juna, waƙa ta ƙare kafin ka gyara zama.

Abu na farko, ka rubuta sunayen mutanen a takarda, saboda da sunan mutum ake gano faifai, ba da sunan ƙungiya kaɗai ba. Amelia Fletcher ce ke waƙa da jita, ƙaninta Mathew Fletcher yana kan ganga, Peter Momtchiloff babbar jita, Elizabeth Price ita ce muryar ta biyu a farko, daga baya Eithne Farry ta maye gurbinta. Rob Pursey ya riƙe jitar bes na ɗan lokaci sannan Chris Scott ya karɓa. Wannan canjin na Elizabeth da Eithne shi ne mabuɗin komai, in ka san wacce ke cikin wace waƙa ka san lokacin da aka ɗauke ta ko da babu kwanan wata a jiki.

Sannan ka nemi kamfanin da ya fitar da su. Sunansa 53rd & 3rd, ƙaramin kamfani ne a Edinburgh ta Sikotilan, mawaƙi Stephen Pastel na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma lambobin faya-fayansa da AGARR suke farawa. Ka shiga Discogs, shafin intanet da ke jera faya-fayai, kar ka tsaya a shafin ƙungiyar, ka buɗe shafin kamfanin ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, nan za ka ga Beatnik Boy da Steaming Train sun fito a 1986, sai faifai mai sunan ƙungiyar kanta a 1987, sai Bringing Up Baby da Testcard Girl can wajen ƙarshe. Kuma don Allah a daina cewa suna cikin kaset ɗin C86 da mujallar NME ta fitar, mutane na ta maimaitawa saboda salonsu ɗaya da mutanen wancan kaset, amma ba sa ciki.

Wurin da ake shan wuya shi ne faifan roba mai laushi, wanda Turawa ke cewa fileksi. A lokacin matasa suna buga ƴan mujallunsu da kansu da injin kwafi, su cusa wannan faifan a ciki kyauta, kuma Talulah Gosh suna da guda wanda suka raba da ƙungiyar Razorcuts, na ƙaramin kamfanin Sha-la-la. Siriri ne kamar murfin littafi, in ka riƙe shi da yatsu biyu sai ya tanƙwara, in ya taɓa karyewa a tsakiya allura za ta riƙa tsalle a wurin har abada. Saboda haka kafin ka biya ka ce mai sayarwa ya turo maka hoto a ƙarƙashin fitila, a karkace, yadda layin lanƙwasa zai fito. In ya iso, ka ɗora shi a kan faifai na gaske sannan ka sa kwabo kusa da ramin tsakiya don kar ya zame.

In kuma kai sauraro kawai kake so ba tara faya-fayai ba, hanya ta fi sauƙi. Kamfanin Sarah Records na Bristol sun tattara waƙoƙin BBC, na shirin Janice Long da na John Peel, a kan They've Scoffed the Lot a 1991. K Records na Amurka sun fitar da Backwash a 1996, sai Damaged Goods suka fitar da Was It Just a Dream? a 2013, wanda ya fi cika, ni shi zan ce ka fara da shi. Amma kar ka saurara a barkatse, ka jera su bisa shekara, ka sa na rediyo kusa da na faifai, za ka ji yadda na rediyon suka fi zafi da sauri.

Daga nan sai ka bi mutanen inda suka nufa. A 1989 Amelia da Mathew da Peter da Rob suka kafa ƙungiyar Heavenly a ƙarƙashin kamfanin Sarah, suka ci gaba har rasuwar Mathew a 1996. Amelia ta zama babbar masaniyar tattalin arziki kuma farfesa a Jami'ar East Anglia, Elizabeth Price kuwa ta ci kyautar Turner ta masu fasaha a 2012, shi ya sa in ka rubuta sunanta shi kaɗai labarin baje kolin fasaha ne zai cika maka waya, sai ka haɗa da sunan ƙungiyar da shekarar 1986 kafin na kiɗan su fito.