Yadda za ka tsare makullin da bot ɗinka ke shiga da shi

'Yan uwa masu haɗa manhaja, muna ta fama da fasawod ɗin mutane amma mun manta su ma injuna da makulli suke shiga, wato lambar sirrin da ke zama fasawod ɗinsu. Bot ɗin (manhaja mai aiki da kanta) da ke tura risit, sabar (server) da ke magana da kamfanin karɓar kuɗi na Paystack, ɗan kod ɗin nan da ke kwafe bayanai tsakar dare, kowanne akwai makullinsa, kuma duk wanda ya tsince shi ƙofa za ta buɗe masa ba tambaya. Haka aka yi wa Uber a 2016, ɓarayi suka samu makullin AWS (sabobin haya na Amazon) a kod ɗin da ke GitHub (shafin ajiye kod) suka kwashi bayanan mutum miliyan 57.

To abu na farko, dan Allah kar ka rubuta makulli a cikin kod. Saka shi a fayil ɗin .env da ake ware wa sirrika, ka rubuta sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da ba za a tura ba, tun kafin ka tura komai GitHub. In kuma ka riga ka tura, goge layin ba zai fisshe ka ba wallahi, Git, manhajar da ke bin sauye-sauyen kod, yana ajiye tarihi, duk mai tonawa zai gani, sai dai ka soke makullin nan take ka ciro sabo. Na Paystack mai farawa da sk_live kuwa a saba kaɗai yake zama, ba ya shiga manhajar waya.

Sannan kowane bot ka yanka masa nasa makullin daban, kar su yi tarayya. Mai tura saƙo me ya haɗa shi da BVN ɗin kwastoma? Ba shi lambar waya kawai ya isa. In AWS kake, yi amfani da IAM role, tsarinsu na ba injuna izini, shi makullinsa na ɗan lokaci ne yana mutuwa da kansa. Ma'aikaci ya bar aiki kuma, canja duk makullin da ya taɓa gani, ba wai don ana zarginsa ba.

Inda aka fi sakaci shi ne log, fayil ɗin da injin ke rubuta ayyukansa, a nan yana rubuta NIN da BVN ɓaro-ɓaro lamba 11 cif kowa na karantawa. Rufe su, bar huɗun ƙarshe kawai.

In ta ɓaci bayanan mutane suka fita, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 awa 72 ta ba ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.