Yadda Za Ka Ƙirga Malam-Buɗe-Littafi a Gandun Daji Kamar Amurum

In kana son sanin wane ɓangare na gandun daji ya fi tara irin malam-buɗe-littafi, ba sai ka nemi wasu kayan aiki masu tsada ba, ɗan littafi da biro da waya mai kyamara sun ishe ka, sai kuma haƙuri. Najeriya kaɗai tana da iri sama da 1,000, saboda haka kar ka ce sai ka san sunan kowa kafin ka fara.

Mu ɗauki dajin Amurum da ke Laminga kusa da Jos, wajen hekta 300 ne, a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001. Daɗin wurin shi ne a ɗan taƙi kaɗan za ka samu fili mai ciyawa da ƙananan bishiyoyi, ga kan duwatsu, ga kuma kurmi a bakin rafi. Ka fara neman izini tukuna, gandu ba gonar gado ba ce.

Toh, sai ka ware hanya a kowane ɓangare, tsawonsu ɗaya, misali mita 500. Nan ne mutane suke kwafsawa, mutum zai yi awa biyu a inuwar kurmi ya yi minti goma a fili don rana ta dame shi sannan ya dawo yana cewa kurmi ya fi, ina aka taɓa yin haka? Tsawo ɗaya, lokaci ɗaya. Ka yi tafiya a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa, ka ƙirga wanda ya gifta cikin mita biyu da rabi dama da hagu da mita biyar a gabanka kawai, wanda ya wuce ta bayanka ka rabu da shi don wataƙila ka riga ka ƙirga shi. Wani Bature Ernest Pollard ne ya tsara wannan dabara a Ingila, tun 1976 suke ƙidaya da ita a can.

Ka fita da hantsi bayan raɓa ta bushe, ranar da ba hadari ba iska. Da sanyin safiya ba sa tashi.

Amma ni a ganina sirrin yana wajen tsirrai, domin kowane iri da ganyen da tsutsarsa take ci. In ka ga tumfafiya ka juya ganyen, za ka iya samun tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya, ita ce take zama wannan mai ruwan goro da bakin fiffike baƙi da ɗigon fari, namu na Afirka ta Yamma ma fiffikensa na baya fari ne. Dafin tumfafiyar yana zama a jikinsa shi ya sa tsuntsaye ba sa cin sa, kuma shi ya sa yake tashi a sanyaye ba ya gaggawa. Inda tafasa da rai-ɗore suke nan farare da rawaya suke yin ƙwai, babban nan baƙi mai zanen rawaya kuma ganyen lemo yake bi. Don haka a gefen kowace ƙidaya ka rubuta tsayin ciyawa, furen da ya buɗe, da ko shanu sun yi kiwo ko wuta ta ci wurin.

Wasu ba ruwansu da fure, ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suke so, sai ka dama ayabar da ta nuna luguf ta kwana biyu ka rataye a inuwa. A bakin rafi kuma ka duba laka, maza ne galibi suke taruwa suna tsotsar gishiri.

Wanda ba ka gane ba ɗauki hotonsa sama da ƙasan fiffike ka ɗora a iNaturalist, manhajar da ake taimaka wa mutum gane sunan halitta daga hotonta. Ka maimaita duk sati ko sati biyu, damina da kaka da rani, don wasu masu ruwan ƙasa da ke ɓuya a ciyawa kamanninsu na canzawa da rani, ɗigon nan mai kama da ido ya ƙanƙance har ka rantse wani iri ne daban.