Yadda Za A Riƙa Hawa Tsohuwar Motar Amurka Mai Tsada

A 2014 an sayar da wata mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 kan dala miliyan 3.5 a gwanjon kamfanin Mecum na Amurka. Masu sayen irinta galibi attajirai ne, kuma da wuya su hau ta. Sai dai ajiya ma tana kashe mota.

Duk mako biyu ko uku a fita da ita na minti 30, har baƙin mai ya ɗau zafi sosai. Tayar da ita a gareji kawai ruwa yake tarawa a salansa, tsatsa ta biyo baya. A guji fetur mai itanol (sinadarin alkohol da ake gaurayawa da fetur), yana cin robobin kafireto. A zuba baƙin mai mai sinadarin zink, in ba haka ba kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji) ya cinye. Man birki kuwa yana shan danshi, a canza shi duk shekara 2.