Kurakuran da ke lalata mana hotunan Bar Beach da sauran wuraren shaƙatawa na da

Duk wanda ya tashi a Obalende ko Agege a Legas, da wuya a rasa hoton yawon Sallah a gidansu: yaro a kan doki a Bar Beach, ya riƙe linzami gam, teku na tumbatsa a bayansa. Wurin nan an cike shi da yashi, sabon birnin Eko Atlantic ke zaune a kai yanzu. Landmark Beach ma an rushe shi a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Hoton da ke akwatin Inna ne ya rage mana, kuma da hannunmu muke ɓata shi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne kai hoto shagon kwamfuta a liƙe shi cikin leda da inji. Ana ganin gata aka yi masa, alhali zafin injin da gam sun kama fuskar hoton, ba ya ɓantaruwa kuma. A saka shi a albom mai aljihu, ko a jera a kwali da farar takarda tsakanin kowane biyu.

Sai danshi. Legas ba Kano ba ce. Hoton da aka tura ƙarƙashin gado da damina, funfuna ce za ta cinye shi. A ɗora kwalin a saman kabad, nesa da bango, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. In hoto ya riga ya manne da gilashin firam, kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi da waya yadda yake.

Biro kuwa yana huda takarda, tawadarsa ta ɓullo ta gaba. Da fensir ake rubutu a baya: wuri, shekara, su waye. A tambayi tsofaffi tun suna tunawa.

Wajen rabawa ma akwai gyara. Mutane na yanke hoto su bar fuska kawai, su zubar da lilo da ƙofar shiga da rumfunan masu sayar da kaya, alhali su ne shaidar wurin. A yi sikanin a 600 dpi (ma'aunin ingancin hoto ke nan a injin sikanin), gaba da baya, a tura ta WhatsApp a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage ingancinsa. Manhajojin nan masu "gyara" hoto kuma fuska suke sauyawa. Na ga an mayar da mahaifin wani kamar baƙo. In an gyara, a ajiye na asali daban.

Kafin hoton wata ya hau Facebook, a nemi izininta. Yarinyar da ke kan lilo jiya, yau matar aure ce da surukai.