Kada ku juya "idan" a jarabawar lissafi

Ƴan uwa masu shirin bakaloriya, ga inda maki ke zubewa a banza. Ku ɗauki wannan magana: idan mutum yana Birni (wata unguwa a garin Damagaram), to yana Damagaram. Wadda ta yi daidai da ita sak ita ce: idan ba ya Damagaram, to ba ya Birni. Wato in muka kira "yana Birni" p, "yana Damagaram" kuwa q, an juya p da q, an kuma kore su duka biyun.

Juyawa kaɗai ba ta isa ba. Wanda yake Damagaram ai yana iya zama a unguwar Zango yana cin kasuwarsa, ba a Birni ba.

In kun yi shakka, ku zana teburin gaskiya, wato jerin duk yadda p da q za su iya zama gaskiya ko ƙarya, layi 4 ne kacal. "Idan p to q" ba ta zama ƙarya sai inda p gaskiya ce, q kuwa ƙarya.