Masu wasan kwaikwayo na murya, kar ku yi saurin maida martani

Salam 'yan uwa marubuta, ga shawara daga abin da ya same ni. Da na saki kashi na 1 na wasan kwaikwayona na murya a YouTube da Telegram, ko kwana biyu ba a yi ba sai ga ra'ayoyi, wasu na yabo wasu kuma suna cewa ba sa gane wa ke magana, wallahi raina ya ɓaci sosai dan na sha wahala wajen rubutun nan. Wani mai sharhin adabi ma cewa ya yi littafi kawai na rubuta na ba mutane suka karanta da baki.

Na yi shiru kwana 3, sannan na saurari abin a ƙaramar waya ba iyafis, yadda mata ke ji suna girki ko ɗan adaidaita a kan hanya. Nan na gane da gaskiyarsu. Jarumai mata biyu muryarsu kusan ɗaya, kiɗan baya kuma ya danne magana.

To dan Allah ku sa jarumai su riƙa kiran sunan juna a farkon kowace fitowa, ku rage kiɗa, ku bar ƙarar ƙofa ko kukan zakara ya nuna inda ake. Ku leƙa YouTube Studio, wato shafin da YouTube ke ba mai tasha dan ya duba bayanan abin da ya ɗora, yana nuna daidai minti nawa mutane ke ficewa. Mai zagi kawai ba na amsa shi, amma wanda ya ce a minti na 7 ya rikice, shi nake rubuta maganarsa kafin mu shiga situdiyo.